Kogon da ke Ƙarƙashin Rijiyar Baba

Litinin, bayan la'asar

Ƙasa ta buɗe a bayan gidanmu. Ruwan da aka kwana ana yi ne ya jawo. Da safe na zagaya in duba katanga, sai na tarar gindin gwaiba ya zurma, ga rami nan baƙi ƙirin, bakinsa bai fi na tukunyar biki ba. Na durƙusa na leƙa. Iska ce ta fara tarbata, mai ɗumi da damshi, sak numfashin mutum, tana fitowa daga cikin ƙasa ba ƙaƙƙautawa. Na jefa dutse. Sai da na ɗauka ya ɓace, sannan na ji tsulum can ƙasa.

Ikon Allah! Ni Kabir, shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina zana wa yara kogo a allo, ina faɗa musu da bakin nan nawa cewa kada su wahalar da kansu neman kogon da ruwa ya sassaƙa a Kaduna, dutsenmu ba mai narkewa ba ne. To ga shi a Malali, a bayan ɗakin girkin Hajiya mahaifiyata. Na rufe bakin da tsohon kwano, na ɗora bulo.

Ɗiyata Shamsiyya tana asibiti tun ranar Juma'a. Uwarta Nafisat ce a wurinta, mai jinya ɗaya suke bari. Na kira, ta ce da sauƙi.

Talata, hantsi

Likita ya tambayi ruwan da muke sha. Nafisat ta ce na rijiya. Ya ce a daina, har a san abin da ake ciki.

Na faɗa wa Hajiya. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana: Malam nake in tana raha, kai wannan in ranta ya ɓaci. Yau kai wannan na samu. Ta ce, "Rijiyar Alhajin? Ruwan da kai ma da shi ka girma? Ka koma ka ce wa likitan ya nemi abin da ke damun yarinya, ya bar zancen rijiya."

Baba ne ya haƙa ta, sadaka ga duk layin nan. Tun da ya rasu Hajiya ba ta taɓa bari an rufe ƙofar gida bayan asuba ba. Tana zaune a kujerarta da carbi, mata da 'yan garuwa suna shigowa da jarkoki, tana yi musu bismillah. A wurinta kowace guga lada ce da ke isa kabarinsa. Wa zai ce mata ta rufe? Ni dai na fara tafasa na cikin gida, nata kuma ta ce kada in taɓa mata randa.

Laraba, bayan azahar

Na shiga. Wallahi na shiga ramin nan.

Na kira Lawan, mutumin Zamfara da ke yi mana yasar rijiya. Ya leƙa, ya ja da baya, ya ce, "Malam, wanga rame ba mutum ya yi shi ba. Mi za mu nema ciki?" Na ce kogo ne. Ya ce shi ma abin da yake gudu ke nan. Duk da haka ya ɗaura fitilar ƙwai a igiya ya zura, yadda suke yi kafin su shiga tsohuwar rijiya, in ta mutu to iskar ciki ba ta shaƙuwa. Ta sauka tana ci, ta dawo tana ci. Sannan ya kafa baki a ramin ya rangaɗa sallama, wai kada mu faɗa wa masu gida ba izini. Na yi dariya, amma ni ma na yi tawa a zuci.

Ya riƙe igiya, na sauka da tocila a goshi. Na wuce marmara, jar ƙasar nan mai tauri da muke takawa kullum, kaurinta ya fi tsayina. Sai kawai bango ya ƙare, ƙafafuna suna reto a sarari.

Ɗaki ne. Ya kai masallacin layinmu girma, sai dai rufinsa ya yi ƙasa-ƙasa. Saiwoyin itatuwa sun ratso rufin sun sauko sirara, farare, kowace da ɗigon ruwa a bakinta, in haske ya taɓa su sai su yi ta ƙyalli. Bangon kuwa layi-layi: ja, ruwan ɗorawa, shunayya, can ƙasa farar ƙasa tas, mai laushi, in ka danna yatsa ya nutse. Ga wani ɗan rafi yana tafiya abinsa a tsakiya, ba hayaniya, ya fito daga duhu ya koma cikin duhu. Na tsaya kawai ina cewa Subhanallah. Ban san bakina na iya maimaita kalma ɗaya haka ba.

Lawan ya yi ta kira daga sama, "Malam, kana da rai?" Ina da rai.

Ban je asibiti ba. Na kira. Da sauƙi.

Alhamis, magariba

An ƙara wa Shamsiyya wani ruwan. Jijiyar hannu ta ɓace, a ƙafa suka sa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na zauna na yi tunanin yadda abin ya samu, don in ban sa kaina a wani abu ba zan haukace. Marmara ƙarfe ne a jikinta, shi ya sa take da tauri. A ƙarƙashinta kuwa yumɓu ne ruɓaɓɓe. Ruwan damina ya samu tsaga ya shiga, ya dinga ɗaukar yumɓun ƙwaya-ƙwaya yana kai wa kogi, rufin ya tsaya, cikin ya rarake. Tun yaushe? Tun ba a san za a yi wani gari wai shi Kaduna ba. Muna bisa muna aure, muna suna, muna rigimar katanga da maƙwabta, shi yana ƙasa yana aikinsa.

Na rataya zare a bakin ramin. Da sanyin safiya zaren yana tashi sama, da rana ta take sai ya lanƙwasa ciki. Wato yana fitar da numfashi, yana ja. Ke nan akwai wata ƙofar a wani wuri, ta wajen gangaren kogi. Na kira Hajiya ta gani. Ta kalli zaren ta ce, "Allah mai iko," ta koma wajen rijiyarta.

Nafisat ta ce a waya, "Baban Shamsiyya, wai rami kake shiga? 'Yarka na nan kwance kai kana rami?" Me zan ce? In na je asibitin, tsayuwa nake yi a baranda ina leƙe ta taga, ba abin da hannuna zai iya.

Asabar, hantsi

Na sake sauka, na bi rafin ta inda yake gangarawa. Wuri ya matse, sai rarrafe, gwiwoyina duk sun saluɓe. Ga gyare a bango, amma ba irin namu ba: fari fat kamar an wanke shi, gashin bakinsa ya ninka jikinsa tsawo, da shi yake lalube. Ba ya kuka. Na haska shi, bai ko motsa ba, haske ba komai ba ne a wurinsa. Gaba kaɗan na tarar da jemagu ƙanana, ba manyan nan da ke cika itatuwan gari ba, sun manne a rufi jiki da jiki, kowanne bai fi babban yatsa ba. Kashinsu ya taru a ƙasa, ƙwari na ci, gyaren na cin abin da ƙwarin suka bari. Gari ne guda da abincinsa da komai, ba ruwansu da rana.

Sai na kashe tocila. Kai! Ashe ban taɓa ganin duhu ba. Na ɗaga hannu har ya taɓa hancina, babu. Ido a buɗe, ido a rufe, duk ɗaya. Sai ƙarar ɗigon ruwa da bugun zuciyata. Na tuna Baba. Na yi masa addu'a, na yi wa ɗiyata, wadda ban iya faɗin sunanta a wurin ba. Na yi kuka sosai, tun da ba mai gani.

Lahadi, bayan la'asar

Yaran Malam Sabo maƙwabcinmu biyu, su ma an kwantar da su. Gado na kusa da namu. Har yanzu layin jarkoki yana kaiwa ƙofar gida.

Talata, bayan azahar

Ban san ta inda zan fara ba.

Yau na bi rafin ta inda yake fitowa, wato ta ƙarƙashin gida. Ban yi nisa ba na ga wani abu tsaye a gabana, zagayayye, daga rufi har ƙasa. Gabana ya faɗi. Na matsa na shafa: siminti ne. Zobban rijiyar Baba ne, an jera su ɗaya kan ɗaya, ni ina kallonsu ta baya. Ashe masu haƙa sun ratsa ta gefen kogon ba su sani ba, ko sun sani sun toshe sun yi shiru. Rafin ya taru a gindinta ya yi tafki, yana tsiyaya ciki ta mahaɗin zobban.

Ina tsaye sai na ji guga ta faɗo, ɓam, a cikin simintin, dab da kunnena. Sannan murya ta biyo ta, siririya, daga can sama: "Bismillah, ɗebi mana, ai don ku aka yi." Hajiya ce. Tsigar jikina ta tashi. Na jingina goshi da simintin ina jin mahaifiyata tana rabon ruwa a duniya, ni ina ƙarƙashin ƙafafunta. Da a nan na juya, da na ce ban taɓa ganin rana mai kyau irin ta yau ba.

Ban juya ba. Na ƙara gaba kaɗan, sai wari ya tare ni. Rufin wurin ya yi baƙi, wani ruwa mai kumfa yana zuba daga tsaga, ba ɗigo ba, zuba. Yana sauka cikin rafin. Rafin yana tafiya gindin rijiya. Na ƙiyasta inda nake, na san abin da ke bisa kaina: sokawen gidanmu, ramin da ruwan bayi ke taruwa.

Sokawen da Baba ke alfahari da shi! Tun ina yaro nake jin sa yana cewa namu bai taɓa cika ba, ba mu taɓa kiran motar kwasa ba. Duk layin nan haka suke faɗa, har masu neman haya ake yi wa talla da shi, wai ƙasarmu mai albarka ce, tana shanyewa. Ba wanda ya taɓa tambayar ina take kaiwa. Har da ni, mai zana wa yara hanyar ruwa a allo.

Na fito na yi wanka da ruwan zafi har fatata ta yi ja.

Laraba, hantsi

Na durƙusa a gaban Hajiya na faɗa mata duka. Ta saurara har na gama, carbi na tafiya. Ta ce, "Kai wannan, ka shiga rami ka shaƙi abin da ka shaƙa, ka fito kana gaya mini mahaifinka najasa ya bai wa mutane?"

Na ce ba haka na ce ba. Wataƙila da can tsagar ba ta buɗe ba, ruwan bana ne ya ƙarasa ta.

"Ruwan nan ka kalle shi. Garau yake. Ka ɗanɗana."

Na ce ba a gani da ido, Hajiya.

"To abin da ba a gani da ido ba zai sa in yanke wa bawan Allah ladansa ba. Shi ke nan abin da ya rage ina yi masa."

Raina ya ɓaci, na fita ƙofar gida na tsaya ina ce wa masu jarka su tafasa kafin su sha. Wasu suka ce to. Ladidi mai koko ta ce, "Malam, da wane itacen?" Wani ɗan garuwa ya yi mini kallon wanda rami ya taɓa wa kai. Hajiya ba ta amsa gaisuwata da azahar ba.

Alhamis, bayan asuba

Da sauƙi, in ji Nafisat. Muryarta ba ta ce haka ba.

Juma'a

Daga asibiti suka kira ni da hantsi, na tafi ba ko hula. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Na riƙe ƙafar Shamsiyya, sanyi ƙalau. Malam Sabo ya fito da ni waje ya zaunar da ni. Shi nasa ƙaramin, jiya bayan la'asar aka kai shi makabarta. Shi ne kuma yake ba ni haƙuri.

Lahadi, bayan azahar

Ta buɗe ido. Ta ce tana son gwaiba. Alhamdulillah. Alhamdulillah. Na fita baranda na yi sujada a kan simintin asibiti, ko a jikina.

Litinin, magariba

Likitoci sun ce in ta ci gaba haka za a sallame su ranar Alhamis. Hajiya ta yi guɗa, ta sa an wanke sabuwar randa. Ta ce da ƙawarta Shamsiyya ta dawo za ta yi mata wanka da ruwan rijiyar kakanta, ta ba ta ta sha, duk ruwan ledar asibitin nan ne ya tsotse ta. Da gaske take, kuma don so take faɗa. Na san Hajiya: ko na kulle randa, sai ta ba ta a ɓoye a kofin shayi.

Nafisat ta ce in rijiyar na buɗe, gidan iyayenta a Rafin Guza za ta wuce da yarinyar. Ban ga laifinta ba. Amma sauran yaran layin fa, gidan wa za su wuce?

Talata, bayan la'asar

Masu binciken kogo suna da wata dabara. In suna son sanin inda ruwa ke ɓulla, sai su zuba masa launi a inda yake nutsewa, su je su jira. Na tafi Babbar Kasuwa na sayo shuni, irin na wanki, har mai shagon yana tambayata ko rini zan buɗe.

Na ajiye a gaban Hajiya. Na ce zan zuba a bayi in bi shi da ruwa. In rijiya ta fito garau, na yi alkawari ba zan ƙara ɗaga zancen ba, kuma zan ba ta haƙuri a gaban duk layin. In kuwa ta fito da launi, to ita ta san abin da za ta yi.

Ta kalli ƙullin. Sannan ta ce, "Miƙo nan. Ni zan zuba da hannuna, kada gobe ka ce ban bari an yi daidai ba." Ta dama shi a bokiti kamar mai dama kunu, ta shiga bayi ta juye, ta bi shi da ruwa bokiti bayan bokiti, ba ta yarda na taya ta ba. Ta fito tana haki ta ce, "Sai ka tanadi bakin ba da haƙuri, Malam."

Hadari ya haɗo. Lawan ya ce ko da kuɗi ba ya riƙe mini igiya yau, kogo ba wurin shiga ba ne in ruwa na sauka. Gaskiyarsa. Sai jira.

Laraba, bayan asuba

Garau.

Laraba, azahar

Garau. Hajiya ta ɗaga mini kofin ruwan a rana in gani. Na fara tunanin ko yumɓu ya shanye launin, ko ni ne na ɓata lissafin inda nake a ƙasa. Wani ɓangare na zuciyata yana roƙon in zama ni ne mai kuskure. Ɗayan kuma ya san ƙafar da na riƙe ranar Juma'a.

Laraba, magariba

Garau. An sake tsugewa da ruwa. Ina jin ramin yana gurnani a ƙarƙashin kwanon da na rufe shi.

Alhamis, hantsi

Na dawo daga masallaci gari ya fara haske, na tarar da Hajiya a bakin rijiya. Kullum ita ke jan gugar farko kafin ta buɗe ƙofa. Ta ja, ta juye a farin bokitin fenti. Daga inda nake na ga ta tsaya cak.

Shuɗi ne. Ba mai duhu ba, irin na farar riga da aka sa wa shuni, amma ko makaho ya shafa ya san ba ruwan jiya ba ne. Ta zubar, ta sake jefa guga. Shuɗi. Ta sake. Ta tsoma hannu biyu ta ɗebo, ta kawo kusa da fuska tana kallo, yana zuba ta tsakanin yatsunta.

Ko kusa ban ji daɗin cin gardama ba. Abin da ya kama ni tsoro ne da mamaki: abin da ta zuba da hannunta shekaranjiya ya bi duhun nan, ya wuce ƙarƙashin ɗakin da take kwana, ya dawo hannunta.

Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaron Sabo. Ni na cika masa gorarsa ranar da zai koma Islamiyya."

Na ce Hajiya, ba ki sani ba. Baba ma bai sani ba. Allah niyya yake dubawa.

Ta ce, "Ka yi mini shiru, Kabir."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai yau.

Ta sa na ɗauko murfin ƙarfen da aka yi wa rijiyar tun tana sabuwa, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, yana jingine a bayan ɗakin ajiya duk ya yi tsatsa. Muka ɗora tare. Ta ce in buɗe ƙofar gida kamar kullum. Na ce ai gara a bar ta a rufe. Ta ce a'a, ba za su zo su tarar da ƙofa a kulle kamar an kore su ba, ita ta kira su, ita za ta sallame su.

Ta ture kujerarta gefe, ta hau kan murfin ta zauna, ta miƙe ƙafa.

Ladidi mai koko ce ta fara shigowa, jarka a kowane hannu, wasu na biye da ita. Ta ce, "Hajiya, ina kwana? A ɗan matsa mana, wuta na jira."

Hajiya ta nuna mata farin bokitin. Ta ce, "Babu ruwa yau, Ladidi. Gobe ma babu. Ki faɗa wa na bayanki. Ku yafe mana, ni da Alhaji."

Yanzu rana ta ɗaga, zan tafi ɗauko su Shamsiyya. Na leƙa tsakar gida. Tana nan zaune a kan murfin, ba ta karya ba, duk wanda ya shigo sai ta sake faɗa masa daga farko.